Jirgi Ɗaya ko Jirgi Biyu

Mu yaran unguwarmu a Kano, a tsakiyar shekarun 1990, ba ma rasa abin musu. Shekarar da Super Eagles suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, wato 1994, mun yi wata da watanni muna ja-in-ja a kan wanda ya fi wani tsakanin Rashidi Yekini da Daniel Amokachi. Mun yi musu a kan jaruman fim ɗin Indiya, mun yi a kan 'yan dambe. Duk waɗannan musun fatar baki ne. Rana ta faɗi kowa ya tashi da ra'ayinsa, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Musu ɗaya na sani wanda ba ya kwana, domin duk wanda ya cika baki a kansa, nan take za a miƙa masa hannun gem a ce, "To bisimilla, nuna mana." Musun Galaga ke nan.

Shagon da muke taruwa ba wani na a zo a gani ba ne. Ɗaki ne da aka fasa wa ƙofa ta waje a jikin wani gida, da benci biyu, da talabijin biyu, da labule da aka saki don kada hasken rana ya dushe hoto. Na'urorin irin kwaikwayon nan ne na Famicom, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, ana ƙera su a Taiwan da Sin, a kawo su kasuwar Sabon Gari a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Kaset ɗin rawaya ne, an rubuta masa a goshi cewa wasanni dubbai ne a ciki, amma in ka bi jerin sai ka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa: Mario, Contra, wasan tankar yaƙi, 1942, Galaxian, sai Galaga. Mai shagon saurayi ne da ya gama sakandare, muna ce masa Yaya. Dokarsa ɗaya ce: ka ba da kuɗinka, a ba ka hannu, ka buga har jiragenka su ƙare. Da zarar na ƙarshe ya tarwatse sai ka tashi, na bayanka ya zauna. In aka kira salla kuwa, kashe talabijin yake yi ko kana kan mataki na nawa, ya kora mu masallaci.

A lokacin ba mu san cewa wannan doka ta Yaya ita ce ainihin wadda aka gina wasan a kanta ba. Kamfanin Namco ne ya fitar da Galaga a 1981, kuma ba don zaman gida ba. Akwati ne mai tsayin mutum da ake girkewa a gidajen wasa, da ramin jefa kwabo: yen 100 a Japan, senti 25 a Amurka. Kakan Galaga shi ne Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito a 1978, inda maƙiya ke saukowa a jere, layi bayan layi. A 1979 Namco ya fito da Galaxian, inda maƙiyan suka fara barin layi suna kawo farmaki ta sama. Duk mai ƙera irin wannan wasa yana tsakanin buƙata biyu. Dole wasan ya yi daɗin da zai sa ka sake zura hannu a aljihu, dole kuma ya kashe ka cikin 'yan mintuna don na baya ya samu wuri. Sai a 1985 aka mayar da Galaga kaset na Famicom, ta nan ya bi hanya har ya iso zauren unguwarmu, Yaya kuma ya mayar masa da kwabonsa ba tare da ya taɓa ganin akwatin na asali ba.

Wasan a ido mai sauƙi ne. Jirginka fari ne, yana ƙasan allo, ba ya gaba ba ya baya, sai dama da hagu. Jirage uku ake ba ka. A kowane mataki ƙwari 40 ne ke shigowa, suna shawagi rukuni-rukuni kafin su jeru a sama: 20 masu kama da ƙudan zuma, 16 masu kama da malam-buɗe-littafi, sai manya 4 a can ƙololuwa, waɗanda muke kira bos. Ƙudan zuma maki 50 ne in yana tsaye a layi, 100 in ka same shi yana kawo hari. Bos sai an harbe shi sau biyu. Harbin farko launinsa kawai yake canzawa. In ka kashe shi a layi maki 150 ne, in ya taso shi kaɗai 400, in ya taso da 'yan rakiya biyu ka fara kashe su sannan ka kashe shi, 1,600. Wasan da kansa yana gaya maka cewa riba tana wajen haɗari. Sannan akwai wani ƙa'idi da sabon shiga ba ya lura da shi: harsashinka biyu kawai ke iya zama a allo a lokaci guda. In ka harba biyu suka wuce a banza, sai sun fice ta sama kafin na uku ya fita. Wannan ɗan jiran shi ya kashe yawancinmu.

Abin da ya raba kanmu shi ne wani hali na bos. Wani lokaci yakan sauko zuwa tsakiyar allo ya tsaya, ya saki wani shuɗin haske zuwa ƙasa, mai faɗi kamar mazurari a kife, da wata ƙara da har yau ina iya jin ta. In hasken ya taɓa jirginka sai ya fara juyi, a zuƙe shi sama, ya koma ja, ya zauna a bayan bos a matsayin fursuna. Duk mun ɗauki wannan a matsayin masifa, kowa gudunsa yake yi.

Ranar da na fara ganin an shiga hasken da gangan, wani yaro ne a kan benci, ɗan wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda yake da irin na'urar a gidansu. Bos ya sauko ya buɗe haske, maimakon yaron ya kauce sai ya tura jirginsa ciki. Muka ɗauki ihu gaba ɗaya, "Kai! Kai! Ka kashe kanka!" Yaya yana ƙirga canji, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ku ƙyale shi, ya san abin da yake yi." Jirgi na biyu ya fito. Yaron ya daina harbi ta ɓangaren da fursunan yake, yana tsince ƙananan ƙwari a gefe, idonsa na sama. Can sai bos ɗin ya taso da jan jirgin a bayansa. Yaron ya bari sai da ya karkato, ya sakar masa harsashi biyu a jere. Bos ya fashe, jan jirgin ya yi ta juyi a iska, ya koma fari, ya sauko a hankali ya manne a gefen ɗan'uwansa. Jirage biyu kafaɗa da kafaɗa, kowace dannawa harsashi biyu. Da aka shiga mataki na 3, wanda ƙwari ke wucewa ba sa harbi, ya share duka 40 ɗin, aka ba shi kyautar maki 10,000. Ranar babu wanda ya yi maganar ƙwallo a hanyar gida.

Daga nan shago ya rabu gida biyu. 'Yan jirgi biyu suna cewa wanda bai ba da jirginsa an kama ba bai ma fara buga Galaga ba. Hujjarsu a fili take. Ƙarfin wutarka ya ninka, kana gama mataki kafin ƙwari su gama jeruwa, kuma matakan kyauta da ke dawowa bayan kowane mataki huɗu, na 7, na 11, na 15, da wuya ka share su da jirgi ɗaya. "Kowa ya ci zomo ya ci gudu," in ji su. 'Yan jirgi ɗaya kuma suna cewa a tsaya a yi lissafi. Jirage uku aka ba ka. Ka sa biyu a fili, saura ɗaya a ajiye. Faɗinka ya ninka, harsashin da zai wuce ta gefenka a da yanzu sai ya same ka, kuma lungun da kake fakewa ya yi maka kaɗan. Kafin ma a kai nan, hanyoyin asara uku ne. Kana iya harbe naka jirgin da hannunka. Kana iya kashe bos yana tsaye a layi, sai fursunan ya juya ya zama maƙiyi ya kawo maka hari. In kuwa ka manta cewa jirginka na ƙarshe ne ka shiga hasken, wasa ya ƙare a nan. Amsar wannan ɓangare ita ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala."

Akwai kuma wasu 'yan tsiraru da ba ruwansu da wannan duka. Jagoransu wani yaron tela ne, wanda ya girme mu, yake zuwa da almuru bayan an rufe shagon ɗinki. Shi abin da yake jira shi ne allon da ke fitowa bayan wasa ya ƙare, wanda ke nuna harsashi nawa ka harba, nawa suka samu, da kashi nawa cikin ɗari ke nan. A wurinsa maki ba ya nuna gwaninta, domin mai barin wuta ido rufe ma yana tara maki. Yakan buga a natse, dannawa ɗaya ƙwaro ɗaya, in ya ga yaro yana ta dukan maɓalli sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙanena, harsashi ba ruwan famfo ba ne." Shi ne ya tayar da rigimar maɓallin turbo. Hannayen waɗannan na'urori suna da ƙarin maɓallai biyu a sama, waɗanda in ka danne sai su yi ta harbi da kansu. Yaron tela ya ce wannan haram ne a gasa, aikin na'ura ne ba aikin yatsa ba. Wasu suka ce abin da aka ƙera a jikin hannu ai halal ne. A Japan ma saurin yatsa abin alfahari ne a shekarun 1980. Wani ma'aikacin kamfanin Hudson Soft da ake wa laƙabi da Takahashi Meijin ya yi suna a duk ƙasar saboda yana iya danna maɓalli sau 16 a daƙiƙa ɗaya, kuma kamfanin ya riƙa zagaya garuruwa yana shirya wa yara gasar wasannin harbi irin su Star Force da Star Soldier. A Galaga dai turbo bai cika ceton kowa ba, saboda ƙa'idin harsashi biyu. Mai danne shi yakan zubar da harsashinsa a sarari, ƙwaro ya sauko masa a daidai lokacin da bindiga ta yi shiru. Wannan ya sa rigimar ta mutu da kanta.

Ni ɗan jirgi ɗaya ne, kuma na san dalili. Kuɗin da nake bugawa da shi kuɗin tara ne, wanda Inna ke ba ni don in sayi ƙosai ko gyaɗa a makaranta. Ranar da na buga gem, ranar na yini da yunwa har a tashi. In na zauna a bencin nan, abin da ke raina shi ne in daɗe. Kowane jirgi a wurina wani yanki ne na abincin da ban ci ba, ba zan miƙa shi ga bos da hannuna ba. Da na girma na waiwaya, sai na ga kusan duk 'yan ɓangarenmu haka suke: masu tara kuɗin aike, masu tallan ruwan sanyi bayan an taso daga boko, masu jiran goron salla. 'Yan jirgi biyu kuwa yawanci ko dai suna da na'ura a gida, ko suna da ɗan'uwa mai ita, ko aljihunsu na iya biyan zama uku a jere. Sun yi kuskuren harbe nasu jirgin sau ba adadi a inda kuskure ba ya cin ko kwabo, har hannunsu ya faɗa. Abin da muke kira jarumta a wurinsu gaskiya ne jarumta ce, amma an saye ta tun a gida. Abin da suke kira tsoro a wurinmu kuma lissafin mai guzuri ɗaya ne.

Kaifin ra'ayi kuwa yana wurin waɗanda ba su da ko sisi, masu tsayuwa a bayan benci. Su suka haddace ta inda kowane rukuni ke ɓullowa, su ke cewa "koma hagu, za su fito ta dama," su ke sanin bos ɗin da ke shirin buɗe haske tun kafin ya baro layi. Akwai wani almajiri da ya daɗe yana kallo ta bakin labule, bai taɓa riƙe hannu ba. Wata rana Yaya ya ce masa, "Malam ƙarami, zo ka taɓa, na yafe maka." Yatsunsa ba su saba ba, amma ya san inda zai tsaya a kowane mataki, ya wuce inda yawancin masu biya ke mutuwa. Da aka tambaye shi ɓangaren da yake, cewa ya yi a matakan farko jirgi biyu ya fi, domin ƙwarin ba su da zafi, amma in wasa ya yi nisa aka kashe maka ɗaya, kada ka sake neman wani. Har yau ban ji hukuncin da ya fi wannan daidai ba, kuma ya fito ne daga wanda bai taɓa asarar kuɗi a wasan ba, bai kuma taɓa samun damar yin ganganci ba.

Abin da ya tabbatar mini cewa aljihu ne ke magana shi ne ranar da Yaya ya canza doka. Gwanaye sun yi yawa, mutum ɗaya sai ya riƙe benci tsawon lokaci a kan kuɗin zama ɗaya, layi ya yi tsawo, ciniki ya ragu. Masu gidajen wasa a ƙasashen waje suna da maɓallai a cikin akwatin da suke ƙara wa wasa zafi ko su rage yawan jirage. Yaya ba shi da wannan, sai ya rataya agogon bango ya ce daga yau da minti ake biya, ka mutu sau nawa ka ga dama, ka sake farawa. Cikin ɗan lokaci ɓangarenmu ya watse. Mu da muke wa'azin taka-tsantsan muka koma rige-rigen shiga haske tun a mataki na 1, tunda in abin ya ɓaci sake farawa za a yi. Kuma a nan muka koyi ceto fursuna, abin da muka daɗe muna cewa ba shi da amfani. Sai dai wani abu ya fita daga shagon. Babu mai yin nisa, domin agogo zai tsayar da kai ko kana raye. 'Yan kallo suka daina riƙe numfashi, tunda mutuwar jirgi ba ta tayar da kowa daga benci. Yaron tela ya daina zuwa. Da Yaya ya ga haka sai ya ware yammacin Juma'a ya mayar da tsohuwar doka, ana rubuta makin da ya fi yawa da alli a bayan ƙofa. Ranar ce kaɗai shagon ke cika har waje.

Daga baya Sega ta shigo, yara suka koma Street Fighter da Mortal Kombat, sannan PlayStation ta zo da wasan ƙwallo ta kwashe kowa. Bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, wasan harbin da yawancinmu muka sake riƙewa shi ne Space Impact a Nokia 3310, a wayar yaya ko ta kawu, kowa shi kaɗai, ba benci ba 'yan kallo.

A Japan irin waɗannan wasanni ba su mutu ba, sai ma suka ƙara tsanani. A 1997 kamfanin Cave ya fitar da DoDonPachi, inda harsasai ke cika allo har sai ka rasa inda za ka sa jirgi, amma ɗan ɗigo ne kawai a tsakiyar jirgin ke jin rauni, sai ka bi ta tsakanin wuta. A 2001 kamfanin Treasure ya fitar da Ikaruga, inda maƙiya da harsasansu fari ne da baƙi, jirginka kuma yana sauya launi ya shanye harsashin da ya yi kama da shi. Musun da ke tsakanin masu buga su a yau shi ne namu na da. Wanda ya sayi irin wannan wasa ya kai gida, yana da damar ci gaba duk lokacin da ya mutu, sai ya gama shi cikin kusan rabin awa ya ce gajere ne, bai kai kuɗinsa ba. Masoyan wasan kuma suna cewa wanda ya gama ta haka bai gama komai ba. A wurinsu gamawa ita ce ka kai ƙarshe da kwabo ɗaya, abin da kan ɗauki mutum watanni yana maimaita matakai biyar ɗin Ikaruga har ya san kowane lungu. Wasa ɗaya ne a gabansu, amma ɗaya yana bugawa da dokar agogo, ɗaya da dokar yammacin Juma'a.

A wannan musun ina tare da masu kwabo ɗaya, da zuciya ɗaya. Wasan harbi irin na gidan wasa an ƙera shi ne a kan cewa mutuwa tana da farashi, kuma in aka cire farashin, hasken bos ya zama ado kawai, ba tambayar da yake yi maka. Amma ba na raina mai ɗayan ra'ayin, domin na ga da idona cewa sai a inda kuskure yake da araha ake koyon kasada. Yaro yana buƙatar wurin da zai faɗi ba a caje shi ba, yana kuma buƙatar ranar da faɗuwar za ta tayar da shi daga benci. Mu da muka taso da na biyun kawai mun daɗe muna tsoron abin da ya kamata mu gwada. Yaran da ke buga gem a waya yanzu, inda ake ba ka sabon rai in ka kalli talla, na farkon kawai suka sani. Shi ya sa in na ji mutum ya kafe a kan ra'ayi, a gem ne ko a kasuwa ko a zaɓen sana'a, kafin in ce masa matsoraci ko mai ganganci, nakan fara tambayar jirage nawa gare shi a ajiye, da kuma abin da zai rasa in wannan ya tarwatse.